Ragon Alhaji Lawali

Daga Dakoro, zuwa ga ɗiyata Uwani a Yamai.

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai ki lafiya, shi kuma nake roƙo ya tsare ki a can, fitarki da komowarki. Ina gaishe ki, Uwani, gaisuwar uba da ta ɗa a haɗe, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, har yau kuwa bakina bai iya faɗinsa ba. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ki gaida gwaggonki da ta ba ki ɗaki, ki ce mata Allah ya saka da alheri.

Za ki ce me ya hana Baba kira. Na ɗauki wayar, na ajiye. A waya kina katse ni da dariya, innarki kuma tana tsaye a kaina tana jira ta karɓe ta tambaye ki ko kin ci abinci. Maganar nan kuwa tana son a fara ta a kai ta ƙarshe. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon nan nawa na karatun manya, in kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri. Ba labarin gari zan ba ki ba. Magana ce a kan wani rago da aka ɗaure a gidanmu bayan tafiyarki, da aikin da za ki fara farkon wata, wanda ragon nan zai iya raba ki da shi tun ba ki ɗumama kujera ba.

Bari in fara maimaita karatun da kika yi mini ranar da kike haɗa kaya, ki ji ko ɗalibinki ya riƙe. Kin ce wurin aikin ana ce masa kabine, babban gida ne na masu lissafi, ba su saye ba su sayarwa, aikinsu duba lissafin wasu. Wanda ya kira ku ku duba nasa shi ne kiliyan. Dubawar ita ce odit. In aka tura ku wurinsa ku zauna kuna bincike, kun tafi misiyon ke nan, kuma akwai babba a kanku da kuke ce wa shef. Abin da kuke dubawa ya haɗa da wata takarda mai suna bilan, mai nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa. In kun gama, mai kabinen ya sa hannu ya ce mun duba, haka abin yake. Banki ya ga hannun nan sai ya yarda, alhali bai taɓa leƙa mangazar mutumin ba, wato sitonsa na ajiyar kaya.

Na ce miki ashe dillanci ne aka sa wa kwat. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, kika ce Baba ba haka ba ne. To na yarda, ban san komai ba cikin abin da kuke yi da ordinatar, kwamfutar nan taku. Amma wuri ɗaya muka haɗu. Ni a kasuwar bisashe, ke a buro, wato ofis, wanda bai iya dubawa da kansa ba bakinmu yake jingina da shi.

Kin kuma faɗa mini abu biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, abin da kika gani a takardun kiliyan ba ya fita bakinki, ko ga uwarki. Na biyu, ranar farko za a ba ki takarda ki sa hannu, ki bayyana in akwai wani kiliyan da kuke da dangantaka, ko wanda gidanku ya karɓi kyautarsa, don kada a tura ki duba shi. Kika ce wanda ya ɓoye aka gano, sallama ce, balle ke da kike cikin watannin gwaji. Ranar na ce miki wannan mai sauƙi ne, mu da ba mu san kowa ba. Ashe ban yi tunani ba.

Kafin in zo kan wannan, ki bar ni in ce miki wani abu game da kalmomin nan. Waɗanda kika koya mini kaɗan ne, na san can za ki tarar da su buhu-buhu, waɗanda ko a jami'a ba ki ji ba. Lokacin da na fara bin kawuna kasuwa na san tumaki, na san shanu, raƙumi kuwa ban san shi ba. Kawu ya buɗe bakin raƙumi ya ce, ka gani? In ce na gani. Wallahi haƙora kawai nake gani. Kunya ta hana ni tambaya, kada a ce ɗan ƙanwar babban dillali bai san shekarun raƙumi ba. Haka na yi ta gyaɗa kai har kawu ya rasu da iliminsa, kuma kin san har yau in aka kawo raƙumi wani nake turawa. Don haka in shef ɗinki ya faɗi kalma ba ki gane ba, ki tambaya nan take, tun kina sabuwa, lokacin da tambaya ba ta da kunya. Ba wanda ya ɗauke ki don kin riga kin san komai.

Sai maganar baki. Nan ne ciwona, kin sani, innarki ta fi ki sani. Wata shekara wani Bafillace ya kawo mini saniya ja mai kyau. Ya ja ni gefe ya ce, Isufu, yau nake son a sayar, matata ba lafiya, Maradi za mu kai ta gobe. Tausayinsa ya kama ni. Na je wurin wani mahauci abokina na ce, don Allah ka taya da daraja, mutumin nan yana cikin matsi, ga abin da ke ciki. Ni a wautata ina tsammani tausayin da na ji shi ma zai ji. Kafin azahar duk masu saye sun san labari. Kowa ya zo ya shafa saniyar ya wuce, suna jiran rana ta yi sanyi. Da yamma mutumin ya sallama ta a wulaƙance, don ba shi da zaɓi. Ya miƙo mini la'adata na ƙi karɓa, amma ƙin karɓar bai mayar masa da komai ba. Ba mugunta ce ta buɗe mini baki ba, Uwani, tausayi ne, kuma shi nake jin tsoro a kanki don zuciyata kika ɗauko. Za ki ga kamfanin da ke tangal-tangal, ki ji kamar ki gaya wa wata ƙawarki da mijinta ke aiki a can ta shirya. Kada ki yi. Ki kai abin da kika gani wurin shef ɗinki, nan ne kawai wurinsa.

Ina ba ki wannan shawara ne ina jin kunya, don tsohon ciwon bai warke ba. Washegarin tafiyarki na zauna majalisar shayi bakin kasuwa, aka tambaye ni ina Uwani. Da na ce tana Yamai ta sami aiki na yi shiru, da shi ke nan. Ina! Daɗi ya ɗebe ni. Na faɗi sunan kabinen, na ce su ne ke duba manyan ƴan kasuwa, har banki ma sai da hannunsu yake yarda. Na ma yi musu karatun odit da bilan, ni Isufu, suna ta mamaki ina ta hura hanci.

Ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji Lawali ya zo daga Maradi. Ba sai na gaya miki ko wane ne ba, amma zan faɗa don ki ji nauyin abin kamar yadda na ji. Tare muka yi kiwo muna yara. Da kika sami jami'a a Maradi ban san inda zan sa ki ba, shi ya ce gidana gidanta ne. Duk shekarun karatunki a ɗakin ɗiyansa kika kwana, tukunyar Hajiya kika ci, da zazzaɓi ya kwantar da ke shi ya ɗauke ki a motarsa ya kai ki likita kafin ma labari ya iso mini. Bai taɓa goranta mini ba.

Ya yi sallama da la'asar, ga rago a bayansa. Balami ne fari tas, mai dogon kunne, irin wanda in ya shigo kasuwa dillalai ke tashi tsaye. Ya ce, na ji abin arziki, ga barka, ɗiyarmu ta zama mutum. Da hannunsa ya ɗaure shi a turken akuyar innarki. Na yi godiya, na yi murna, ban kawo komai a raina ba. Muka zauna a zaure, aka kawo fura.

Can ya ce, Isufu, ka san kabinen nan su ne za su zo duba ni bana? Na ce ban sani ba. Ya juya ludayi cikin fura. Sai ya ce damina ta yi masa ɓarna. Rufin mangazarsa ya yi yoyo, dusa da anguryar da ya tara don sayar wa masu kiwo da rani, ta can ciki ta jiƙe ta ruɓe. Ya sa an jera buhuna masu kyau a gaba. Banki yana jiran takardar kabine kafin ya ci gaba da hulɗa da shi. Ya ce, sababbi ake turawa ƙidayar kaya, kuma wanda ya san Maradi za su turo. In Allah ya sa Uwani ce, ba ƙarya nake so ta yi ba. Ta ƙirga buhu kawai, buhu ai yana nan. Kada ta ce a buɗe na ciki. Shekara guda nake nema in farfaɗo, rufin asiri kawai nake roƙo.

Kada ki ɗauke shi mugu, Uwani. Na ga idonsa. Mutum ne da ke ciyar da gidaje da yawa, tsoro ya kama shi, ya duba ko'ina bai ga kowa ba sai yarinyar da ta girma a gabansa. Ni kuma na ce masa, to Alhaji, Allah ya rufa asiri. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na raka shi har bakin hanya, na komo na tsaya ina kallon ragon.

Abin da ya faɗo mini a rai wani sa ne. Ba na jin na taɓa ba ki wannan labarin. Akwai wani mutum a Sabon Maci da nake sauka gidansa duk lokacin da na je cin kasuwa. Mutumin kirki, in na sauka sai an yanka mini kaza. Wata rana gab da damina ya kawo sa Dakoro ya ce in sayar masa. Ina riƙe da igiyar na ji san ya yi tari, irin busasshen tarin nan da kowane dillali ya san ma'anarsa. Na ce wa raina ƙura ce ta hanya. Sai ga wani manomi daga Rumbu yana neman san amalanke da noma, ya daɗe yana tari don wannan ranar. Bai san bisa ba, shi ya sa ya zo wurina. Ya ce, Malam Isufu, ka duba? Na ce na duba, lafiyarsa lau.

Kuma na duba ɗin. Na duba ƙafa, na duba ido, na duba haƙori. Wurin da na san matsalar take ne kawai ban sa kunne ba, don ban san da wane ido zan kalli mai yanka mini kaza ba. San bai ga noman farko ba, ciwon huhu ya kashe shi. Manomin bai kai ni wurin sarki ba, bai kai ni jandarma ba, ko zagi bai yi ba. Na ji labari shi da matarsa da hannu suka yi noman shekarar. Har ya tsufa in mun haɗu a kasuwa yana gaishe ni da ladabi, sannan ya wuce da akuyarsa wurin wani dillalin. Wannan gaisuwar ta fi mini mari zafi, kuma ya rasu ban sami ƙarfin neman gafararsa ba.

Abin da Alhaji ya roƙa ke nan, a duba ko'ina ban da wurin da ake tari. Ban san odit ba, amma wannan na san shi. Ki kiyaye, ba ranar da aka ce ki yi ƙarya ba ce mai haɗari, wannan za ki gane ta ki ƙi. Ranar da aka ce kada ki buɗe wuri kaza kawai, ita ce. Duk inda aka ja ki nesa da shi da hira da lemu mai sanyi, nan za ki ce a buɗe, cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba. Mai gadin mangaza ki gaishe shi kamar yadda kike gaida mai kamfani, amma buhun ki sa hannunki a ciki.

Na gaya wa innarki zan mayar da ragon. Ta ajiye taɓarya ta ce, Malam, kana cikin hankalinka? Mutumin da ya riƙe maka ɗiya kamar tasa za ka mayar wa kyauta? Da wane baki zan gaida Hajiya? Ta ce a bar shi zuwa layya, in ya so a gaya miki ki yi aikinki da gaskiya, wa zai sani a Yamai. Ban ga laifinta ba, duk abin da ta faɗa game da Alhaji gaskiya ne. Na ce mata Uwani za ta sani. Za a miƙa mata takarda a tambaye ta ko gidansu ya karɓi wani abu, ko dai ta yi ƙarya ranar farko, ko ta ce i a fara kallonta da wani ido. Kuma ko ba ita aka tura ba, duk ranar da ta ji sunan Alhaji a buro ragon nan zai yi kuka a kunnenta. Innarki ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka. Kwanakin da ragon ya yi a gidan ita ta riƙa ba shi harawa, ta kuma ƙi yi mini magana sai ta dole.

Na jira har kasuwa ta sake zagayowa, don na san Alhaji zai zo gidansa na nan. Da gangan na zaɓi ranar. In na ja rago cikin gari wata rana daban, kowa zai tambaya ina za a kai shi, kafin yamma an san an mayar wa Alhaji Lawali kyauta. Ranar kasuwa kuwa ba mai kallon dillali da rago a hannu. Wannan rufin asirin kam ina iya yi masa, kuma na yi.

Na same shi a zaure shi kaɗai. Ya ga ragon, ya gan ni. Na ɗaure shi, na zauna ƙasa, muka gaisa kamar kullum, gida da iyali da gajiya. Sannan na ce, Alhaji, ka yi mini haƙuri. Dokar aikinta ta hana, kuma ko ba ta hana ba, ni na hana. Za ta gaya wa manyanta a gidanka ta zauna, ba za a turo ta ba. Abin da ka faɗa mini kuma ba za ta kai shi ko'ina ba, ni ma haka. Na ce in zai ji shawarata, ya faɗa wa masu dubawar da bakinsa tun ba su buɗe ba, ruwan sama ba sata ba ne.

Alhaji ya dube ni. Sannan ya ce, Isufu, tuwon da ta ci a gidana fa, shi ma za ka kawo?

Uwani, na kasa ɗaga kai. Na ce wannan ba ya mayuwa, Alhaji, har mu mutu yana wuyanmu. Ya ce to madalla, sai an jima. Na tashi na sa takalmi. Tun muna samari ban taɓa fita gidansa bai raka ni ba, ko da taku kaɗan ne. Ranar yana zaune na fito. Na bi ta bayan kasuwa na komo gida, ban iya shiga cikin mutane ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu yana yi.

Ban ba ki labarin nan don ki yi kuka ba, ko don ki kira shi ki ba da haƙuri a madadina. Tsakanina da shi ne, Allah zai daidaita in ya so. Sirrin mangazarsa ma da zan iya ɓoye miki da na ɓoye, amma in ban faɗa ba ba za ki gane dalilin abin da na yi ba. Bai shigo ta takardun aikinki ba, ta zauren ubanki ya shigo, don haka ki bar shi nan. Su masu zuwa aikinsu ne su buɗe buhu. Ke naki ki faɗi abin da ya shafe ki. Ranar farko, da aka ba ki takardar nan, ki rubuta cewa kin zauna gidan Alhaji Lawali na Maradi shekarun karatunki, uba ne a wurinki. Ki gaya wa shef ɗinki da baki ma, kada ki jira a tambaye ki. Na san za ki ji tsoro kada su ce sabuwa ta zo da matsala. Ba na jin za su ce haka, ke kika gaya mini don wannan aka yi takardar.

Kada kuma ki yanke zumunci. Ki riƙa kiran Hajiya kina gaishe ta kamar da, da salla ki kai musu ziyara da tsarabarki, ki durƙusa ki gaida Alhaji. In ya ɗaure fuska ki jure, yana da hakki. In Allah ya hore miki wata rana, ki yi wa ɗiyansa abin da ya yi miki da abin hannunki, ba da sa hannunki ba.

Direban da ya kawo miki wasiƙar nan yana da ƙullin cuku da kilishi, innarki ce ta haɗa. Ta ce in gaya miki kada aiki ya hana ki cin abinci, kada kuma ya sa ki haɗa azahar da la'asar. Jiya ta fara yi mini magana sosai. Ta mayar da akuyarta turkenta, ta ce dama ragon ya cika ci.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, ya tsare miki idonki da bakinki fiye da yadda na tsare nawa. Alhaji kuma Allah ya fitar da shi cikin wannan hali da mutuncinsa, ki sa shi cikin addu'arki. In aka kai layin da ke tambaya ko gidanku ya karɓi wani abu, ki rubuta babu. Har igiyar na bar masa.

Mahaifinki,
Isufu dillali